Ranar da Azuza Ta Sauya Murya

Da la'asar ranar Asabar Am Bilkasim direba ya ɗaga hannu ya ja igiyar usur, sai Azuza ta saki wani siririn kuka irin na ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. Mutanen da suka taru a tashar Ain Zarga don kallon gwaji suka dubi juna. Ya sake ja. Kukan dai bai canza ba.

Ba a yi wa mutanen Ain Zarga ƙarya a kan muryar Azuza. Kan jirgin ƙasa ce mai cin kwal tana aman tururi, ta ja ma'adinin fosfat daga ramukan bayan gari tun zamanin Faransawa, da kukanta iyayenmu ke tashi, da shi mata ke ɗora tukunya. Da kamfani ya gaji da ita ya jefar a bayan tasha, ta yi shekaru awaki na kwana a inuwarta. Sai wasu 'yan garin suka kafa ƙungiyar sa-kai, ba albashi ba ko na shayi, suka yi ta kankare tsatsa har suka tashe ta tare da taragu biyu na katako, don ta riƙa kai masu yawon buɗe ido bakin kwazazzabo tana dawo da su. Muryarta mai kauri ce, mai ɗan rawa a ƙarshe, kana jin ta a ƙirji kafin ka ji ta a kunne.

Wasila mai kantin magani, wadda ke zuba wa Azuza kwal duk ƙarshen mako, ta naɗe hannu da tsumma ta haura saman tukunyar tururin jirgin. Ta duba usur ɗin ta gaba, ta duba ta baya. Sannan ta leƙo ƙasa.

"Am Bilkasim, wannan ba nata ba ne. An sa mata wani."

Kafin magariba gari ya gama shari'arsa. Am Sassi ne maƙerin tagulla ɗaya tilo a Ain Zarga, shi ke goge wa Azuza kayan tagullarta, yana da mabuɗin rumfar da take kwana. Kuma tun yana saurayi ya taɓa shiga kurkuku kan satar wayar kamfani. Mu nan muna iya manta sunan jikokinmu, amma irin wannan ba ma mantawa. Si Munji, shugaban ƙungiyar, ya je ofishin 'yan sanda ya kai ƙara.

"Ban ce shi ne ba," in ji shi. "Amma dai ni ba maƙeri ba ne."

Aka kawo Am Sassi aka rufe, aka ce ranar Litinin za a wuce da shi kotun birnin Gafsa. Dattijo mai ciwon suga, wanda ya ƙare rayuwarsa yana goge tabo ɗaya daga sunansa. In aka kai shi Gafsa karo na biyu, ko an sake shi, sunan ya tafi ke nan, da tabon za a binne shi.

Sufeto Lazhar aka miƙa wa binciken. Ɗan garin ne, ɗan gidan Hadi, kuma mutum ne da bai yarda da kowa ba, ko agogonsa sai ya gwada da na masallaci. Tun da ya bar taba ya koma cin ƙwayar kabewa, inda duk ya tsaya yin tunani sai ka ga ɓawo ya taru. Abin da ya fi tsana a aikinsa shi ne laifin da ya zo da mai laifinsa a ɗaure, don ya sha ganin yadda irin wannan ke ƙarewa.

Da safiyar Lahadi ya isa rumfar jirgi. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, ba a fasa ba. A bakin ƙofar, tsakanin ƙarafan layin dogo biyu, akwai jar tuta a kafe cikin wani bututu, ta tare hanya. Ya kai hannu zai zare ta ya wuce.

"Sauke hannunka, Si Lazhar!"

Tsawar ta sa tantabarun rufin suka watse. Si Munji ne, dogo, busasshe, tsohon shugaban makanikai na kamfani, wanda har yau ke zuwa rumfa da guga a rigar aikinsa.

"Wasila na ƙarƙashi tana kwashe toka. Muddin tutar nan na tsaye, akwai mutum a jikin jirgi, ba mai taɓa jirgi, ba mai taɓa tuta. Wanda ya kafa shi ke cirewa."

"In wanda ya kafa ya manta ya tafi gida fa?"

"Sai a zagaya jirgi, a leƙa ƙasa, a bugi ƙafar jirgi da guduma, a yi kira sau uku. Sai an ji shiru sannan a cire. Ko ministan sufuri ne ya zo, haka zai yi."

Lazhar ya ba da haƙuri, ya raɓa ta gefe. Bai ji haushi ba, don kowa a garin ya san tushen abin. Tun zamanin kamfani, yayan Si Munji, Tahar, yana ƙarƙashin Azuza wani ya zare tuta don sauri, direba ya busa usur ya motsa, Tahar bai fito da rai ba. Tun daga ranar Si Munji bai yi wasa da tuta ba. Ya taɓa korar ɗan 'yar'uwar magajin gari daga ƙungiyar saboda ya jingina keke a jikinta.

"Mutum nawa ke da mabuɗi?"

"Huɗu. Ni, Bilkasim, Wasila, Sassi."

"Da dare fa?"

"Akwai mai gadi da karensa. Karen ko ni ba ya ragawa. Da rana kuma kullum akwai wani a nan, sai dai Juma'a lokacin ƙailula."

"Kai kana ina ranar Juma'a?"

"Masallaci, sannan gida wajen mahaifiyata. Ka san ta tsufa."

Lazhar ya karɓi usur ɗin bogi ya juya shi. Sabo ne, an shafa masa baƙin mai don ya yi kamar ya sha shekaru. Wanda ya ɗaura shi ya san aiki, bai gurje ko noti ɗaya ba. Ɓarawon kasuwar ƙarfe da zarto zai zo, kuma ba zai tsaya mayar da wani a gurbin ba.

Ya sami Am Bilkasim a shagon gahawa na tasha ya tasa kwanon lablabi, romon wake, a gaba, yana marmasa busasshen burodi a ciki kamar da shi yake faɗa.

"Zauna, ɗan Hadi. Ka zo kama ni ne? Da ka kyauta. Matata ta ce tunda na fi son Azuza, in je ta dafa min."

"Juma'a da tsakar rana, Am Bilkasim."

"Ina gidan surukina ina cin kuskus da mutum goma sha. Tambaye su, har yanzu suna ƙorafin naman da na cinye. Kuma dubi gwiwar nan." Ya buga ta da cokali. "Rabona da saman tukunya tun kana wando guntu. Dakalin tuƙi ma sai an turo ni ta baya."

"Kana ganin Sassi ne?"

"Ina ganin duniya ta lalace, shi ke nan. Ni tun safiyar Asabar na san ranar ba za ta yi kyau ba. Muka zo hura wuta, muka tarar da tuta a kafe. Na ce Wasila ke ce? Ta ce a'a. Na ce Sassi kai ne? Muka yi dariya ma, don shi kullum a kan tuta ake zaginsa, bai taɓa tunawa ya kafa ba, maƙeri ne ba ɗan jirgi ba. Muka zauna kamar masu jiran likita, har Si Munji ya iso ya zare, ya ce mu hura wuta rana na yi."

Lazhar ya fasa ƙwaya ɗaya, ya tofar da ɓawon a tafinsa. Ya biya kuɗin shayin da bai sha ba ya fita.

Wasila ta fi damunsa. An gaya masa watan jiya wani Bafaranshe mai tara kayan tsofaffin jirage ya zo yawon buɗe ido, ya daɗe yana magana da ita a jikin Azuza, yana nuna usur. Ya same ta a kantinta ta wanke toka, ta sa farar riga, amma bakin farcenta na nan baƙi.

"Nawa ya taya?"

"Au, har an kawo maka? Garin nan ko atishawa ka yi a ɗaka sai an yi maka sannu a kasuwa." Ta ajiye kwalbar da ke hannunta. "Ya taya, na ce masa ya fara sayar min da haƙoran kakarsa. Ya tafi fuskarsa ta yi ja kamar tumatir."

"Juma'a fa?"

"Ni ce mai jiran kanti, sauran kantunan magani duk sun rufe. Ban ɗaga daga nan ba, layi har waje. Am Sassi ma ya zo, in kana son shaida."

"Sassi? Yaushe?"

"Ana tsakiyar zafi. Yana haki, ya sayi man ƙuna da bandeji mai yawa. Na ce wuta ce ta ci ka a maƙera? Ya ce in ba shi kawai, ba hira ya zo ba."

Lazhar ya kai bakin ƙofa, ya juyo kamar wanda ya manta canjinsa.

"Safiyar Asabar, da kuna jiran a cire tuta, kin ji ƙarar guduma?"

"Guduma? A'a. Me ya faru?"

"An yi kira?"

Ta girgiza kai. Ya bar ta tsaye tana kallon bayansa.

Am Sassi na zaune a kan tabarmar ɗakin tsaro, ya ninke jar hularsa a gwiwa. Abincin da 'yarsa ta kawo na gefe bai taɓa ba. Lazhar ya ajiye masa usur ɗin bogi a gaba. Tsohon ya ɗauka da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Wannan ake cewa ni na yi? Si Lazhar, a ce min ɓarawo na saba. Amma a ce wannan ƙazamin aikin ya fito daga hannuna? Aikin injin birnin Safakis ne, dubi layin da ya bari. Tagullar ma rabi ƙarya ce."

"Yaushe ka ga na gaskiyar?"

"Juma'a da safe. Ni na goge shi."

"Ka san kana ƙara ɗaure kanka? Kai ne na ƙarshe da ya taɓa shi."

"Ka tambaye ni, na faɗa maka."

"To faɗa min wannan. Wa ya ƙone?"

Am Sassi ya ɗago ido, ya mayar kan hularsa.

"Nuna min hannunka." Ya nuna. "Ƙafa." Ya nuna. Ba ƙuna ko ta sisin kwabo. "Am Sassi, gobe za a sa ka a mota. In akwai wanda ya gan ka da tsakar ranar nan, faɗi sunansa in je in same shi yanzu."

"Akwai abin da ba nawa ba ne, ba zan bayar ba."

"Sunanka fa? Shi ma ba naka ba ne?"

Tsohon ya matse hularsa. Lazhar ya ji tausayinsa har ya ji haushinsa.

"Ina jiran mutum," in ji Am Sassi a hankali. "Ina so in ga ko zai zo da ƙafarsa."

Lazhar ya fito ya tsaya a inuwar bango, ɓawo ya soma taruwa. A ƙailular Ain Zarga ko kare ba ya taka ƙasa. Mai sayen bandeji da yawa ba yatsa zai naɗe ba. Wa zai fita ba takalmi a irin wannan rana? Yaro, ko wanda hankalinsa ya yi nisa. In yaro ne, da uwarsa ta cika unguwa da kururuwa kowa ya ji. Saura wanda ake ɓoyewa. Sai ya tuna ya fi shekara bai ga Khalti Mabruka, mahaifiyar Si Munji, zaune a ƙofar gidanta tana tsince alkama ba. Gidan kuwa yana daf da mararrabar da titi ya tsallaka dogo, inda dole kowane direba ya busa usur.

Ya buga ƙofar bayan la'asar. Si Munji ya buɗe kaɗan, ya tsaya a tsakiya.

"Lafiya, Si Lazhar?"

"Na zo gaida Khalti. Ta sha ba ni dabino ina yaro."

"Tana barci."

"Wane ne, Munji?" Murya ta fito daga tsakar gida. "Tahar ne? Ka bar shi a waje?"

Si Munji ya runtse ido. Sannan ya matsa.

Tana zaune a kan shimfiɗa ƙarƙashin itacen rumman, ta ƙanƙance kamar yarinya, ƙafafunta biyu naɗe da bandeji. Lazhar ya durƙusa ya sumbaci goshinta. Ta riƙe hannunsa tana shafawa.

"Ba kai ba ne," ta ce. "Jirgi ya yi kuka, ɗana? In ya yi kuka ka gaya min. Yana ƙarƙashi, ba su sani ba. Sai na je na faɗa musu."

"Bai yi ba, Khalti. Ki huta."

Suka shiga ɗakin baƙi. Si Munji bai kawo shayi ba, Lazhar ma bai zauna ba.

"Si Munji, jiya da safe kun tarar da tuta a kafe, ba a san mai ita ba. Wa ya cire?"

"Ni."

"Ka zagaya jirgi?"

Si Munji ya kau da kai.

"Ka leƙa ƙasa? Ka buga guduma? Ka yi kira?" Lazhar ya girgiza kai. "Yau da safe saura kaɗan ka cinye ni ɗanye don na kai hannu kawai. Kai da ka kori ɗan gidan magajin gari a kan keke. A ce ka tarar da tutar da ba ka san mai ita ba, ka zare ka ce a hura wuta? Mutum ɗaya ne a duniya ke cire tuta bai duba ba, wanda ya kafa ta. Ka san ba kowa a ƙarƙashi, don taka ce."

"Na yi sauri ne. Rana na yi."

"Sauri ne ya kashe Tahar. Kai ba ka sauri a kan tuta."

Si Munji ya dafa bango.

"Bari in gaya maka yadda aka yi, inda na kuskure ka gyara min," in ji Lazhar. "An sauya usur ranar Juma'a da ƙailula, don da safe Sassi ya goge na gaskiyar, da dare kuma akwai kare. Bilkasim ba ya iya hawa. Wasila na kanti, rabin gari ya gan ta. Saura kai da Sassi. Wanda ya yi aikin ya kafa tuta kafin ya hau, a rumfar da ba kowa, yana aikin da ba ya so a gani. Ɓarawo ba ya sanar da kansa. Sassi kuwa ko an roƙe shi ba ya tunawa. Sai mutumin da hannunsa ke kafa ta kafin kansa ya yi tunani. Abin da ya rage min shi ne me ya sa ka bar ta. Yanzu na gani. Kana saukowa aka kira ka a waya aka ce an tsinci Khalti a kan dogo ba takalmi. Ka fita ta ƙofar baya a guje. Wa ya tsince ta?"

Si Munji ya sauke hannu daga bango.

"Sassi. Ya goyo ta har nan."

"Ya kuma je ya sayo magani. Ka roƙe shi kada ya faɗa wa kowa."

"Na roƙe shi."

"Bai faɗa ba. Na matsa masa har na ji kunyar kaina, bai faɗa ba. Yana can a kan tabarma ya ƙi cin abinci, yana riƙe maka asirin mahaifiyarka, kai kuma ka je ka ce ai kai ba maƙeri ba ne."

A nan ne dogon mutumin ya karye. Ya zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba. Ya ce tun da aka tashi Azuza abin ya soma. Duk ranar da aka busa usur a mararraba sai ta zabura ta nufi ƙofa tana kiran Tahar, ta kwana biyu ba ta san kowa ba. Ta manta sunan jikokinta, ta manta mijinta ya rasu, amma wannan muryar ba ta manta ba. Daga baya ma ko ba a busa ba sai ta fita neman jirgin. Ga lokacin baƙi ya ƙarato, za a riƙa busawa safe da yamma. Ya kai awo Safakis aka yi masa wani usur, ya ɗauka zai ce bawul ɗin tururi ne ya tsufa, mutane su yi gunaguni su saba.

"Me ya hana ka faɗa wa ƙungiya?"

"In ce me? Ni na bi gida-gida ina cewa sai garin nan ya sake jin muryarta. Ni na tara su. Sannan in tashi in ce a rufe mata baki, don uwata ta..." Bai ƙarasa ba. "Ba na so a riƙa nuna ta a titi, Si Lazhar."

"Shi ya sa ka bari a nuna Sassi."

"Na ce ba su da shaida, za su sake shi."

"A Gafsa? Bayan an zaga gari da shi a bayan mota?"

Si Munji ya tashi ya buɗe wani tsohon akwatin katako. A ƙarƙashin barguna akwai shuɗiyar rigar aiki da ta koɗe, irin ta kamfani ta da, an naɗe usur ɗin Azuza na gaskiya a ciki. Ya miƙa da hannu biyu. Lazhar bai tambayi rigar wa ce ba.

"Sa takalminka. Ka kira maƙwabciya ta zauna da Khalti. Ba zan sa maka ankwa ba, kuma ni zan bi bayanka. Akwai wanda ke jira ya ga ka zo da ƙafarka."

Da aka buɗe ɗakin tsaro Am Sassi ya dubi Si Munji, ya dubi ƙunshin da ke hannun Lazhar. Bai yi mamaki ba.

"Ranar da ka shigo gida a guje na ga baƙin mai a hannunka," ya ce. "Ranar Juma'a, da rigar masallaci. Da ta yi kukan nan jiya na gane."

"Ka yafe min, Am Sassi."

"Kai ka zo, ko kawo ka aka yi?"

Si Munji ya sunkuyar da kai. Ƙarya ɗaya ta rage masa, bai yi ta ba.

"Kawo ni aka yi."

Am Sassi ya warware hularsa ya ɗora a ka, ya gyara mata zama. Ya ɗauki kwanon abincin 'yarsa.

"Yaya ƙafarta? Ka riƙa sauya bandejin safe da yamma, kada ka bari ya manne."

Ya wuce ta gabansa ya fita.

Ƙungiyar ta janye ƙarar tunda kaya ya dawo, amma ta karɓi mabuɗin Si Munji, kuma Wasila ta tabbatar duk wanda ya shigo sayen maganin ciwon kai ya fita da labarin wanda ba shi ne ɓarawo ba. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya ranar Asabar suka koma cewa su dama tun farko ba su yarda ba. Haka muke.

Ranar da aka fara ɗaukar baƙi, Azuza ta yi kukanta na asali a tasha, tagogi suka amsa. Lazhar na tsaye a mararraba yana tare motoci. Da jirgin ya kusanto, sai ya ga ya rage gudu har ya koma tafiyar raƙumi. Am Bilkasim ya saki igiyar usur ya harɗe hannu. Wani ya sauko daga dakalin tuƙi da kyar, ya zagayo gaban jirgin. Am Sassi ne, riƙe da jar tuta, yana tafe a tsakiyar dogo yana ɗaga ta sama, Azuza na bin sa a baya shiru. Shi ya kawo shawarar a taron ƙungiya, aka nemi izini aka samu: a wannan mararraba ba busa, mutum zai riƙa wucewa gaba. Ya kuma ce ba mai riƙe tutar sai shi.

Gari duka na kallo, baƙi na ɗaukar hoto ta tagogin katako. A ƙofar gidan da ke daf da dogo Khalti Mabruka na zaune a kujera tana gyangyaɗi, ɗanta a tsugune kusa da ita. Da tutar ta zo daidai ƙofar Si Munji ya miƙe tsaye. Am Sassi bai juya ba. Ya wuce da jirginsa, tsohuwar kuma ba ta farka ba.